Matar da Ta Yi wa Hanya Daɓe

A fadamar kogin Haɗejiya, ta wajen Guri, akwai wani ƙauye da ake kira Tudun Marke. Gidaje ne da ba su wuce talatin ba a kan wani doron yashi. Da rani tudu ne kawai a tsakiyar fili. Idan kogi ya kawo ruwa a ƙarshen damina sai ya koma tsibiri, ya yi wata uku a haka, wata shekarar har da ɗoriya. Ruwan da ke kewaye shi bai yi zurfin da kwalekwale zai bi ba, ga ciyawa ta cushe shi. Kuma ba ruwan da mutum zai jefa ƙafa duk inda ya ga dama ba ne, don taɓon da ke ƙasa yana riƙe ƙato har cinya. Masunta sukan kwanta a kan gora su fita, amma gora mutum ɗaya take ɗauka. Mai kaya da mai jaki da mai goyo da marar lafiya, hanya ɗaya gare su, ita ma a ƙarƙashin ruwa take.

A wannan ƙauye aka haifi Saude, 'yan shekaru kafin Turawa su ci Haɗejiya. Ubanta mai yankan kaba ne, uwarta Babarbariya ce daga wajen Birniwa. Tun tana ƙarama take bin uban zuwa kasuwar Guri da ƙunshin kaba a ka, kuma tun a lokacin hanyar take ba ta haushi. Daga gindin tudunsu ana hango wata doguwar tsamiya a arewa, inda fadama ta ƙare aka hau jigawa. Can za su. Amma uban sai ya juya gabas, ya bi ta gindin wata kanya, ya zagaye tafki, ya shiga kurmin goruba, ya fito ya yi yamma kamar wanda ya yi mantuwa a gida, sannan ya doshi tsamiyar. Da rani ne fa, ƙasa a bushe ƙayau, babu abin da zai hana mutum ya yanke. Idan ta yi ƙorafi ba ya ce mata komai sai, "Taka inda na taka."

Sai da ta yi wayo ta gane dalili. Hanyar tana bin gaɓar wani tsohon rafi ne da ya mutu tun zamanin kakanni, inda ƙasa ta ɗan ɗaga ta gauraya da yashi. Amma ɗagawar kaɗai ba ta isa ba. Lakar fadama idan ta bushe ba a taka ta ba, tsattsagewa take yi, ruwa na zuwa ya shige ta ta zama kunu. Inda ƙafa ta danne ta tun tana da danshi, ta kuma ci gaba da dannawa har rani ya fita, sai ta haɗe ta yi tauri, ruwa ya yi wata uku a kanta bai narkar da ita ba. Wato hanyar da za a bi da damina, da rani ake yin ta, kuma da tafin ƙafa. Shi ya sa mutanen Tudun Marke suke zagaye a lokacin da babu ruwa ko na alwala a fadamar. Baƙi suna ganinsu suna dariya, suna cewa mutanen tudu ba su san miƙaƙƙiyar hanya ba. Su kuwa ba su taɓa gyara wa kowa zance ba. A zamanin hare-hare ruwan nan shi ne ganuwarsu, hanyar kuma ƙofa ce da ba a nuna wa baƙo.

Saude ta auri Shu'ibu, ɗan gidan bulaman ƙauyen. Ta haifi 'ya'ya huɗu, biyu suka rayu: Sa'idu, ɗan farinta, da Mairam. Shu'ibu ya rasu a shekarar annobar mura. Ta sake aure a Guri, bai yi ƙarko ba, ta dawo tudu ta zauna a ɗakinta tana saƙar tabarma. Mace ce doguwa, mai sauri a tafiya, mai kaifin baki, kuma ba ta iya raɗa ba. Ƙanin mijinta Yakubu, wanda ya gaji bulamanci, yakan ce idan Saude ta yi addu'a a ɗaka, masunta a tafki ne suke cewa amin.

Da aka ja dogo daga Kano zuwa Nguru, ya bi ta Malam Madori da Birniwa, samarin tudu suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Can ana sayen gyaɗa, ana neman 'yan dako. Waɗanda suka rage kuma suka daina zagaye. Hari ya ƙare, tsofaffin da ke tsawatarwa sun mutu, ga tsamiya can ana gani. Kowa ya ce ai takun mutum ɗaya ba zai rage komai ba. Hanyar ba ta lalace a shekara ɗaya ba. Bana ta ɗan yi laushi a nan, baɗi ta ɗan zurma a can, mutane suna ƙorafi da damina suna mantawa da rani.

Sa'idu bai tafi bakin dogo ba. Yana noman shinkafa, idan ruwa ya zo ya taɓa kamun kifi. A wata damina, 'yan shekaru bayan jirgi ya fara wucewa, ruwa ya koro macizai tudu kamar yadda ya saba, ɗaya ya sare shi a gindin rumbu da sassafe. Akwai mai maganin sara a Guri da aka yarda da shi. Maza huɗu suka ɗora Sa'idu a gadon kara suka shiga ruwa, Saude a gaba da sanda. Har tafki lafiya. A kurmin goruba hanya ta ƙi. Inda ƙafarta ta san tauri, sandar ta shige ba ta tsaya ba. Masu ɗauka suka yi ta nutsewa har gwiwa, har cinya, a zaro wannan wancan ya zurma. Tafiyar da ake gamawa da hantsi, la'asar ta same su ba su fita daga kurmin ba. A nan ya cika. Suka juyo da shi, aka binne shi a maƙabartar tudu, kusa da ubansa.

Saude ba ta taɓa cewa da hanya na da kyau da ya rayu ba. Idan wani ya faɗa mata haka, takan ce wannan Allah ne ya sani. Abin da ita ta sani shi ne ba a kai shi ba. Ɗan fari ne, yana raye ba ta kama sunansa, bayan ya rasu ma ba ta fara ba. "Yaron nan" take cewa, kuma ba ta yawan cewa.

Da ruwa ya fara janyewa, magidanta suka taru a ƙofar gidan bulama suka yanke shawara. Za a ƙara ganin damina ɗaya. Idan hanya ta sake yin abin da ta yi, to za a kwashe gaba ɗaya a koma kusa da Birniwa, inda aka ce akwai fili a bakin dogo. Saude ta ji komai ta bayan zana. Tashi yana nufin a bar rijiya da rumbuna, waɗannan kuwa ana haƙa wata a gina wasu. Yana kuma nufin a bar maƙabarta, ciyawa ta rufe ta, shanu su bi ta kai. Wannan ne ba za ta iya ba.

Washegari ta sami Yakubu a zaure. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwar bulama, ya amsa, sannan ta gyara zama ta koma matar wansa.

"An ce za ka kwashe mu ka kai mu shaƙar hayaƙin jirgi."

"Matar yaya, ba ni na kashe hanya ba. Ƙafa ce babu. Dubi magidantan da suka rage mana."

"Ƙafa ta cika duniya. Ran kasuwar Guri har taka juna ake yi. Ku ne kuka hana ta shigowa."

Ya gane inda ta dosa. Ya tuna mata lokacin da ake ɗibar mutane aikin dogo, yadda aka kwashi maza a ƙauyukan jigawa ana tsakiyar noma, su kuwa ruwa ya tsare su, ɗan aiken hakimi ya tsaya a gindin tsamiya ya yi ta kira har ya gaji. Watannin ruwa su ne kaɗai hutun talakan tudu. Idan matan Guri suka san hanya, mazansu sun sani, idan mazansu suka sani, hukuma ta sani. Saude ta ce duk gaskiya ne. Ta ce amma a bakin dogo ko hutun yini ba zai samu ba, ɗan aike a jirgi zai riƙa zuwa masa.

Yakubu ya ce, "Ni ban ji ba, ban gani ba. Idan dattawa suka tambaye ni, zan ce tsohuwa ce baƙin ciki ya taɓa."

"Tsohuwar da ta zo gidan nan ta same ka ba wando. Faɗi abin da ka ga dama."

Ta fara da masu sayen kaba. Matan Guri da ke saƙa a hannun mutanen tudu suke saye, ba su san inda ake yankowa ba. Ran kasuwa Saude ta shimfiɗa tabarminta ta ce duk mai son kaba mai faɗi, wadda ba ta karyewa, ta same ta gobe a gindin tsamiya, za ta kai ta inda take ta yanka da hannunta. Sharaɗi ɗaya ne: a bi bayanta a jere, ba mai yanke hanya, tafiya da dawowa. Mata 'yan kaɗan suka zo, rabinsu don su ga ko ta taɓu ne da gaske.

Ashe ta iya jan mutane a hanya. A bakin tafki takan tsayar da su ta ce a yi shiru, su ga agwagin daji, dinya da kirinjijiya, sun rufe ruwa, gauraka na takawa a gefe kamar mai jiran a zo gaishe ta. Ta nuna musu inda ake tonon bado, da giyayyar da zuma ke zama a kogonta, da kanyar da ta fi kowace zaƙi, da wadda ba a zama a gindinta saboda cinnaka. Bayan kurmin goruba akwai wani tulin yashi mai tsawo da mutanen tudu ke kira Dutse, ko da yake babu dutse ko na niƙa a jikinsa. Takan sa su hau, suna haki suna zaginta, su tsaya a bisa su ga fadama a shimfiɗe har iyakar gani, kogi na walƙiya a gefe guda, idan an yi sa'a kuma a hango hayaƙin jirgi siriri can nesa. Matan da aka haifa a Guri suka tsufa a Guri ba su taɓa ganin garinsu daga sama ba. Wata mai suna Zainaba ta ce ashe garin bai fi faifai ba, duk faɗan da ake yi a cikinsa.

Labari ya bazu. Masu kaba suka jawo masu itace, masu itace suka jawo masu neman zuma, har da waɗanda ba abin da ya kawo su sai hawan Dutse. A tudu kuwa ba a ji daɗi ba. Kabar da ake sayarwa da, yanzu kyauta ake yanka ta. Wasu mata suka daina amsa gaisuwar Saude. Wani dattijo ya ce ta bayar da abin da kakanni suka ɓoye, ko goro ba ta karɓa ba. Takan ce haka ne, ta wuce. Kullum tana kan hanya, safe da yamma, da baƙi ko ba baƙi.

Amma ƙafarta tana gaya mata aikin bai isa ba. Danshi yana fita, laka kuwa tana da kwanakin da take karɓar taku, idan suka wuce sai baɗi. Ƙafar mata masu ƙunshin kaba ba ta da nauyin da za ta gyara ɓarnar shekaru. A nan ne ta yi kuskuren da aka daɗe ana ba da labarinsa.

A bakin jigawa akwai rugar Arɗo Hamman, yana jiran fadama ta tsane ya shigar da shanu. Saude ta dubi garken ta ga kowace saniya ƙafa huɗu gare ta, kuma ta fi ƙarti uku nauyi. Ta je ta same shi. Da yake ita jinin Barebari ce shi kuma Bafulatani, ba da gaisuwa aka fara ba.

"Arɗo, bawan kakata, har yanzu kana nan kana kiwon sauro?"

"Wa nake ji kamar 'yar Barebari? Ku ɓoye ƙwaryar nono, yunwa ta iso."

Ta ce za ta nuna masa tafkin da ciyawarsa ba ta bushewa har bazara, wanda babu makiyayin da ya taɓa kai shanu, in zai riƙa bi da garkensa ta hanyar da ta zaɓa, zuwa da dawowa. Hamman ya bi ta ya duba. A filin fadama ya yarda ƙasar za ta ɗauki shanu. Da suka shiga kurmin goruba ya danna dunduniya a ƙasa, ya ce nan ba ta yi ba tukuna, inuwa ta riƙe ruwa, a ƙara mata kwanaki. Saude ta ce tun yaushe Fulani suka san ƙasa, su da ko rami ba su iya haƙawa ba. Kurmin ne ya fi damunta, a nan take son nauyin ya sauka, kuma ta ƙagu. Ya ce to, ƙasarku ce. Ya saki shanu.

A fili aikin ya yi kyau fiye da yadda ta zata. A kurmi kuwa kofato ya huda laka maimakon ya danne ta. Kowane taku rami ne har ƙauri, rami kusa da rami, bakin kowanne ya tashi kamar bakin tukunya. Kafin ta tsayar da shanun ƙasa ta fara ƙamewa, ta sandare a haka. Da rani ma sai mutum ya riƙa dafa itatuwa yake wucewa. Idan ruwa ya hau ba a ganin ramukan, karaya ce kawai. Wurin da ya fi ko'ina lalacewa, ita da kanta ta ƙara lalata shi.

Magana ta riga ta isa tudu. Aka ce shi ke nan, an huta da jira. Wani magidanci ya tafi Birniwa ya dubo fili. Hamman ya aiko mata da ƙwaryar kindirmo ba tare da ko kalmar tsokana ba, wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta yi kwanaki ba ta fita ba. Tana zaune a ɗaki tana kallon ƙasa, sai ta lura da abin da take kallo. Daɓen ɗakin tun na aurenta da Shu'ibu ne. Rufi ya yi yoyo a kansa damina da yawa, tulu ya fashe, yara sun yi fitsari, bai taɓa narkewa ba. Shi ma laka ce da tsingaron tukwane, aka yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, mata suka yi ta duka da madaɓi har ya haɗe.

A ƙasar nan akwai gayyar da mace ba ta ƙi. Idan aka kira daɓe, ko tana gaba da mai kiran sai ta ɗauki madaɓinta ta je, domin wadda ta ƙi, ranar da za a yi wa 'yarta ɗaki ita kaɗai za ta durƙusa. Saude ta yi shekaru tana amsa wannan kira a tudu da Guri, da wuya gidan da gwiwarta ba ta taɓa ƙasarsa ba. Ta jiƙa gero ta dama kunu mai yawa, ta aika gida-gida cewa gobe akwai daɓe. Ramatu, matar bulama, wadda ta fi kowa fushi da ita a kan kaba, ta leƙo ta kan zana.

"Yaya, ɗakin wa za a yi? Ko ke ce za ki sake amarcewa?"

"Ɗauko madaɓinki ki gani. Ki haɗo da taɓarya."

"Taɓarya a wajen daɓe?"

"Ƙasar tana da taurin kai, irin na mijinki."

Suka biyo ta har kurmin goruba. Da ta tsaya ta nuna musu ramukan, aka fashe da dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Ramatu ta ce wannan ba gayya ba ce, zalunci ne. Saude ta ce wadda za ta koma ta koma, ita dai tana gani, kuma kowa a nan tana da 'ya ko jika. Babu wadda ta so a ce ita ta fara juyawa.

Da taɓarya suka farfasa bakunan ramukan, suka baje da fartanya. Tsakuwa babu a fadama, sai wasu suka nufi wani kufai da ke bayan Dutse suka yi ta kwaso tsingaro a kwando. Aka jiƙa makuba a manyan tukwane, aka ɗebo ruwa daga tafki ana yayyafawa. Mata suka durƙusa a jere, daidai faɗin da jaki mai kaya zai wuce, suka fara duka. Wanda ya jiyo ƙarar daga nesa zai rantse biki ake yi a daji. Waƙar da suka yi ranar duk a kan Saude ce da shanunta, ita ma tana amshi.

Yinin farko bai ci fiye da tsawon gida biyu ba. Amma daɓe ba a barinsa rabi, wannan ma al'ada ce. Zainaba ta zo da matan Guri. Matan rugar Hamman, da ba su taɓa daɓe ɗaki ba a rayuwarsu, suka kawo nono suka zauna kallo, daga baya suka karɓi madaɓi suna dukan yatsunsu. Mazan tudu sun daɗe suna dariya daga nesa. Abin da ya kawo su shi ne tuwo ya daina sauka a kan lokaci, suka ga in suka ɗebo ruwan za a gama da wuri. Yakubu bai taɓa zuwa ba, amma jakinsa yana zuwa kullum da tuluna. Sai da zafi ya kankama aka fita daga kurmin. Gwiwoyin Saude suka yi kanta, yatsunta biyu na dama ba su sake miƙewa sosai ba. Daga nan har saukar ruwan sama ta ci gaba da jan duk wanda ta samu tana zagayawa da shi.

Kogi ya kawo ruwa a kan lokacinsa, kuma ya kawo da yawa. Da tudu ya zama tsibiri sosai, Yakubu ya ce shi da kansa zai gwada hanyar, don kada a ce ya yi wa matar wansa alfarma. Ya ɗora wa jakinsa mangalar gero, shi ma ya ɗauki kwando a ka. Dattawa biyu suka bi shi su zama shaida. Saude ta shiga gaba da sanda, ruwa har cinya.

Daga kanya zuwa tafki ƙasa ta riƙe. Ta san ba nan ne wurin ba. A bakin kurmi ta tsaya. Ba ta sake shigarsa da ruwa a kai ba tun ranar da aka juyo da ɗanta. Ta kai sanda, sandar ta ƙwanƙwasa ta tsaya. Ta kai ƙafa. Ƙarƙashin ruwan sumul yake, da tauri, kamar tsakar ɗaki. Ta yi tafiyarta ba ta waiwaya ba, tana jin jakin yana taka ruwa a bayanta ba gargada.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne santsi. Gansakuka ta kwanta a kan daɓen. Suna tsakiyar kurmi ƙafar bulama ta kwashe, ya zauna daɓas a ruwa, kwando ya yi gaba hula ta yi baya. Dattawan suka kawar da kai don girmamawa, kafaɗunsu na rawa. Ya miƙe yana tsiyaya, ya yi ta buga dunduniya a ƙasa da ƙarfi kamar mai neman inda zai kama da laifi.

"Matar yaya, kin yi mana ɗakin amarya a cikin ruwa."

"Ta riƙe ko ba ta riƙe ba?"

"Ta riƙe. Ni ne ban riƙu ba."

Bayan kurmi akwai wuri guda da ƙafa ta shige har ta wuce idon sawu, jaki ya yi turjiya, amma ya wuce. Da hantsi suka hau jigawa.

Ranar Juma'a Yakubu ya faɗa wa magidanta cewa shi ba ya tashi. Mai son bakin dogo ga hanya nan, yanzu ma tana ɗaukar kaya. Wasu gidaje suka tafi duk da haka, har da na Mairam, wadda mijinta ya daɗe da ɗaure kayansa a zuci. Saude ta raka su har gindin tsamiya ta dawo. Sauran suka zauna. Da rani ya zagayo aka yi wa daɓen tsaga-tsaga da bakin fartanya saboda santsi, abin kuma ya zauna: ruwa na janyewa mata su fita da madaɓi su duba inda ya ci su gyara.

Abin da Yakubu ya ji tsoro ma bai daɗe ba. Tun a daminar da aka gwada hanyar, ruwa na tsaka da cika, sai ga ɗan aiken hakimi ya ɓullo a gindin tudu, wandonsa a kafaɗa, yana bin bayan wasu matan Guri. Maza ake nema gyaran hanyar mota. Ba a taɓa ganin irinsa a tudu a wannan watan ba. Yakubu ya saurare shi, ya ba da mutanen da aka nema, ciki har da ɗansa, sannan ya sa aka kai baƙon gidan Saude, ya ce abincinsa a kanta yake tunda ita ta gayyato shi. Ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kifi, bai rage ba. Ba ta ce ta yi nadama ba, ba ta kuma ce abin bai dame ta ba. Matan da aka tafi da mazansu, ita ta riƙa kai musu itace har suka dawo.

Ta yi wajen shekara ashirin bayan haka, kuma ba a zaune ta yi su ba. Tunda ta gane gaɓar mataccen rafi ita ce hanya, sai ta shiga neman wasu. Da rani takan fita da butar ruwa da sanda ta bi duk inda ta ga layin giyayya ko ƙasa ta canza launi, wani lokaci ta dawo da labari, wani lokaci da ƙaya kawai. Ta gano wadda ke kaiwa bakin kogi inda kwalekwale ke tsayawa, da wata da ke ɓullewa ƙauyen masunta a kudu. Kowacce ta samu, ran kasuwa mai zuwa Guri ta ji. Maharba sun bi ta, masu kai amarya sun bi ta, Hamman ma ya ci gaba da kawo shanu duk shekara, amma shi yake faɗin ranar da za su shiga, ita kuma ba ta sake musa masa ba sai da baki.

Ta rasu 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, da damina, ruwa a cike. Aka aika Guri da safe. Kafin azahar mutane suka iso, tufafinsu a jiƙe, aka yi mata salla aka kai ta maƙabartar tudu. Mairam ba ta sami zuwa daga Birniwa ba sai ranar sadakar uku, da 'ya'yanta da aka haifa a bakin dogo, ba su taɓa sa ƙafa a ruwan fadama ba. Ramatu ce ta ɗauki sanda ta je gindin tsamiya ta shigo da su.